Kujerar da Na Ɗinka wa Bajimi

Shin kujerar da na ɗinka ce ta kayar da mijina, ko kuwa mashin ɗin ne da halinsa? Shekaru sun tura, idona ya mutu har ba na iya zura zare a allura, amma wannan tambaya ta ƙi tsufa. Na san kwana ne ya ƙare, ba sai an tuna mini ba. Sai dai ajali da sanadi yake zuwa, ni kuwa tsorona kada a ce ta hannuna ya biyo. Ban yi boko ba, allo ma iyakata abin salla, don haka jikata ce ke riƙe da biro. Na ce mata in na yi kuka ta dakata ta jira ni.

Sana'ata ɗinkin kujerar mashin, a cikin gida, nan Ƙaura. Ku yaran yanzu kuna ganin abin banza ne. Kuna wucewa bakin tasha ku ga mai kushin ya ja leda, ya ɗauki bindigar kusa, tas-tas-tas, kafin mai mashin ya gama gaisawa da mutane an gama. Sai ku ce ai kowa ma ya iya. To rufe kujera daban, gina kujera daban. Mai rufewa riga kawai yake sa mata. Mai ginawa shi ke yanke inda nauyin mutum zai sauka a kan ƙarfen da ke gudu da shi, kuma in ya kuskure da faɗin tafin hannu ɗaya, ba leda ce za ta ji ciwo ba.

Aikin farko da na yi na jaki ne. A Zurmi aka haife ni, gidan dukawa, kuma Gwaggo Asabe, ƙanwar babana, ita ta riƙe ni. Akumari take yi, abin nan da ake shimfiɗa wa jaki a baya kafin a aza masa kaya. Ina 'yar shekara goma ta miƙo mini tsumma da ƙaiƙayi da basilla ta ce in yi guda. Kwana uku ina fama. Na yi shi dogo lafiyayye, har zai iya rufe wa jaki gindin wutsiya, ina ganin na burge. Ta karɓa ta juya shi, ta sa wuƙa ta farke shi a gabana tun daga farko har ƙarshe.

Ta ce, "Kulu, in kinka tsawaita akumari, mai jaki sai ya cika kaya har inda kinka kai. Shi ba ruwanshi. Kada kaya su wuce ƙugu. In sunka wuce, jaki zama zai yi."

Shekara shida na yi a gabanta, ba ta taɓa buɗe baki ta ce na iya ba. Ranar da za a kai ni ɗakin miji ta ƙulle basillarta a gefen zanena. Iyakar yabon ke nan.

Malam, mijina, ba zan faɗi sunansa ba, tunda ban faɗa yana raye ba. Dako yake yi a tashar jirgin ƙasa lokacin da ake lodin gyaɗa. Da jirgi ya fara wuyar gani, ya haɗa abin da ya tara ya sayi wani tsohon ƙaramin mashin ya shiga kabu-kabu. Gajere ne, marar hayaniya, kuma bai taɓa gudu ba. Abokan aikinsa suka laƙaba masa Baba Sannu, suna cewa in kana sauri gara ka bi shi a ƙafa.

Kujerarsa ce ta farko da na ɗinka. Sosonta ya rududduge, ya ɗaure ta da robar taya, in ya dawo da yamma yana tafiya kamar mai maruru. Na ce ya kwanto mini ita. Na cire tsohuwar ledar, na kankare tsatsar farantin ƙarfen da ke ƙasa, na shafa masa baƙin mai. Ba ni da sabon soso, sai na yanki gefen katifarmu. Na dube shi yana zaune a kan turmi, na ga inda ƙashinsa ke sauka, na rarake wurin da aska kaɗan-kaɗan, na rufe da fatar akuya. Kwana biyu tsakani ya shigo da kujeru biyu a hammata, ya ce na abokansa ne. Daga ranar ban sake yin akumari ba.

Kayan aikina ba su cika faifai biyu ba: basillar Gwaggo, allurai uku, almakashi, askar wanzami don fere soso, zaren lailon da nake murzawa da kakin zuma don kada ruwa ya ci shi, gam a gwangwani, ƙaramar guduma, da wani guntun ƙarfen dogo da Malam ya tsinto a tasha, a kansa nake lanƙwasa haƙoran faranti. Keken ɗinki sai daga baya. Ma'aunina taƙi da yatsa. Leda kuwa sai an shanya ta a rana ta yi laushi sannan a ja. In ka ja ta da sanyin safiya, da azahar za ta saki ta yi tattara kamar wuyan tsohuwa.

Ba na fita, don haka yawancin masu kawo mini aiki ban san fuskarsu ba. A zaure suke zama, ni ina bayan asabari, muna magana. Amma na san zamansu. Kujerar da ta lotsa gefen hagu, mai ita yana da ciwon baya yana ɓoyewa. Wadda bayanta ya fi gabanta cinyewa, mai ita yana ɗaukar mutum uku, ko da ya rantse. Akwai wanda na aika masa cewa ya duba tayarsa ta baya, domin ledar ta goge gefe guda. Ya duba ya tarar ƙafar ta karkace, ya yi ta yawo yana cewa matar Baba Sannu tana da iskoki.

Da aka ba mu jiha, aiki ya yi mini yawa. Ma'aikata suka samu mashina, samari suka cika hanyar Gusau, kowa yana so a san shi ne. A nan na gane masu mashin iri biyu ne. Akwai masu tambaya, "Inna, za ta yi ƙarko?" Akwai masu tambaya, "Inna, za a gan ta daga nesa?" Shugaban masu son a gani shi ne Isuhu, wanda ake kira Isuhu Madubi, don madubai shida ya ɗaura wa mashin ɗinsa, babu ko ɗaya da ke nuna masa baya. Magidanci ne da 'ya'ya uku, amma sai ya kawo jar leda da koriya ya ce in haɗa, in sa geza a gefe, in yi masa tuntaye a kan mashin. Na taɓa ce masa geza tana shiga sarƙa. Ya ce, "Inna, ta shiga da kyanta." Shugaban ɗaya ɓangaren kuwa Garba makanike ne. Shi baƙar leda kawai, ɗinki biyu. Ya kan ce duk abin da ba ya sa mashin tafiya ko tsayawa, nauyi ne. Kullum suka haɗu a zaurena sai sun yi, Malam yana gefe yana dariya, amma kowa ya san bakinsa ɗaya da Garba.

Sai shekarar Shari'a ta zo. Ni Musulma ce, ban ja da ita ba kuma ba zan ja ba. Abin da ya faru a gidanmu kawai nake faɗa. Aka ce mace ba za ta ƙara hawa bayan ɗan kabu-kabu ba. Samari ba su ji sosai ba, su dama maza suke ɗauka. Malam kuwa kusan duk fasinjansa mata ne. Saboda tsufansa da rashin gudunsa, shi magidanta ke kira ya kai matansu awo asibiti, shi ke kai tsofaffi suna da gaisuwa, shi ke kai masu daddawa Kasuwar Daji. Rana ɗaya duk suka yanke. Maza kuwa ba sa son Baba Sannu, sauri suke yi. Sai ya wuni a inuwar tasha ya dawo tankinsa yadda ya fita da shi. Ya koma ɗaukar buhuna, amma ƙaramin mashin buhu ɗaya yake ɗauka, in an sa biyu sai ya yi ta tari a hawa. Watanni muna haka. Ya daina dariya a zaure.

Wata Talata da hantsi ina fere soso na ji wata ƙara ta shigo unguwa, ba irin ta mashin ba, ba irin ta mota ba, wani gurnani ne da ke taɓa mutum a ƙirji. Kaji suka watse, kwanukan da ke jere a kan randa suka kama rawa. Ƙarar ta tsaya a ƙofar gidana. Sai na ji muryar Malam yana cewa a kama masa a tura zaure.

Na leƙa ta asabari. Innalillahi. Ban taɓa ganin abu irinsa ba. Tsawonsa ya cinye zauren, ƙofar cikin gida ma ba za ta shige shi ba. Baƙi wuluk, ƙarafansa suna walƙiya har kana ganin fuskarka. Tayar baya ta kai kaurin cinyar ƙato, bututun hayaƙinsa biyu kamar taɓare, kansa ya baje kamar ƙahon bijimin Fulani. Maza huɗu suka tura shi suna nishi.

Na wani ɗan alƙali ne, ta Maraɗi aka shigo masa da shi. Da Shari'a ta zo, uban ya ce gidan malamai ba za a riƙa ta da unguwa da wannan ƙara ba, ko a fitar da shi ko a fita tare. Yaron ya rasa mai saye. Malam ya ba shi ƙaramin mashin ɗinsa da wani sa da muke kiwo, ya karɓo. Bai shawarce ni ba. Mutumin da ko buta zai saya sai ya juya ta sau uku.

Kafin azahar zaure ya cika.

Garba ya zagaya shi sau biyu, ya tsaya ya riƙe baki. Ya ce, "Baba Sannu, mi ya same ka? Ko rana ce ta taɓa ka a tasha?"

Isuhu ya ce, "Kai Garba, rufa mana baki, ba ka san abin duniya ba. Dubi tanki kamar ƙirjin ɗan dambe! Wanga in ka hau shi, ko aljihunka ba komi Alhaji za a ce maka."

"Alhajin da zai turo mashin da hannu daga Ɗan Isa. Ka san man da yake sha? In ka buɗe tankin ji za ka yi yana haɗiya kamar raƙumi ya iso rijiya. In wani abu ya mutu a cikin injin nan, ina za a samo? Ni ko sifanar da za ta kama notinsa ba ni da ita."

Wani daga baya ya ce, "Ku dubi cikinsa a ƙasa kamar akuya mai shirin haihuwa. Kunyar gona ɗaya ta isa ta tsai da shi."

Isuhu ya ce, "Ai ba don gona anka yi shi ba."

"To don mi?"

"Don a gan ka."

Garba ya ce, "A gan ka ka ci mi? Madubi?"

Aka fashe da dariya. Isuhu bai ji haushi ba, yana can yana shafa tankin da hannun rigarsa. Ya ce, "Ku dai ku yi ta hawan 'yan tsaki. Namiji ko sau ɗaya ya hau abin da in ya wuce sai an miƙe. Baba, wallahi yau ka burge ni, ashe kai ma namu ne."

Sai Malam ya yi magana, a hankali yadda ya saba. Ya ce, "Ni ba naka ba ne, Isuhu. Ku duka jiki kuke duba, ni zuciyar nake duba. Injin nan ƙarfin mashin huɗu gare shi. Sa ne aka yi wa kwalliya. In aka cire kwalliyar aka ɗaura masa garma, noma zai yi. Buhu uku zan riƙa kaiwa Shinkafi in dawo kafin wani ya kai ɗaya."

Garba ya ce, "Baba, ba kowane sa ke noma ba. Wani don karo aka haife shi."

Daga ranar sunansa ya zama Bajimi.

Mako biyu Malam yana koyon sa a hanyar Zurmi, ba kaya. Yara suna binsa da gudu, mutane suna fitowa daga shaguna. Fasinja kuwa ko ɗaya. Duk wanda ya tsaya kallo yake yi, in an ce ya hau sai ya ja da baya. Wanda ya yi ƙarfin hali ya hau sau ɗaya ya sauka yana cewa ba wurin zama. Gaskiya ya faɗa.

Da Malam ya kwanto mini kujerar, na daɗe ina juya ta. Ba a kan mashin take zaunar da mutum ba, a cikinsa take zaunar da shi. Faffaɗa ce, mai zurfi kamar ƙwarya, ta nutse can ƙasa tsakanin tanki da tayar baya, ga ɗan tudu a bayanta da ke tare ƙugun mai tuƙi. Wurin fasinja kuwa bai fi waina biyu ba. Ledar mai kauri, ɗinkin ko zare ɗaya bai kauce ba. Duk wanda ya yi ta, ko a wace ƙasa yake, ya san aikinsa. Na ji kunyar sa mata aska.

Malam ya ce in cike ramin, in mai da ita shimfiɗaɗɗiya, doguwa, irin ta kabu-kabu, don ya matsa gaba buhu ya samu wuri. Ya riga ya kai wa mai walda, an ƙara masa kariya, ƙarfen ɗora kaya, a baya. Da maza suka watse na fita zaure na auna. Kariyar ta zarce tsakiyar tayar baya da taƙi biyu.

Na ce, "Malam, wannan ya wuce ƙugu."

Ya ce, "Jaki ne?"

"Duk mai ɗaukar kaya jaki ne."

Ya yi dariya, dariyar da na daɗe ban ji ba. Ya ce, "Nauyin gaban nan kin san shi? Maza huɗu kika ga suna nishi. Buhu uku ba za su ɗaga shi ba."

Na ce ramin nan ba a banza aka yi shi ba, a bar shi, in ƙara tsawo kaɗan a baya kawai. Ya ce in an bar ramin buhu biyu ne za su hau, biyu kuwa man da zai sha ma ba za su fitar ba. Na ce a tambayi Garba. Ya ce ya san abin da Garba zai ce. Sai ya dubi ƙasa, ya ce, "Kulu, rabon da wani ya kira ni a tasha da sunan aiki, kin san tun yaushe? Yi mini."

Shekara talatin da wani abu muna tare, bai taɓa roƙona abu sau biyu ba. Na ɗauki aska.

Kwana biyu na yi a kanta, kuma ban taɓa yin aikin da ya kai ta kyau ba, abin da ke ƙara ƙona ni ke nan. Na yanke tudun da ke tare ƙugu. Na cike ramin da soso hawa uku, mai tauri a ƙasa, mai laushi a sama, kowanne da gam. Farantin bai kai tsawon da ake so ba, na sa aka yanko mini katako na ɗaure shi da kusa shida. Na shanya baƙar leda ta yi laushi, na ja ta sumul, na bi da ɗinki biyu da zare mai kaki. Da na gama na aza tsohon soson gefen sabon na auna. Ta ƙaru da yatsa huɗu da ɗoriya. Na ga haka, na ce a raina ai soso yana lotsawa. Laraba da la'asar aka ɗaura ta. Isuhu ya zo ya gani ya dafe kai, ya ce, "Inna, kin mai da ango ɗan dako!" Garba ya danna ta da hannu, ya dubi kariyar, ya fita.

Ranar Alhamis, kasuwar Shinkafi, aka ɗaura masa buhu uku na wake.

Rana ba ta kai tsaka ba na ji mashin ya tsaya a ƙofa, ƙaramin mashin, sannan na ji sallamar Isuhu. Muryar da na sani da surutu ta koma kamar ta mai zazzaɓi. Bai tsaya a zaure ba, ya ɗaga asabari ya shigo har tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba. A ranar na fara ganin fuskarsa ba asabari tsakani. Rigarsa duk jini. Ya durƙusa ya ce, "Inna, sai haƙuri." Ina riƙe da almakashi, ban san lokacin da ya faɗi ba.

Shi ne ke bayan Malam da fasinja a hanya. Daga baya na sa ya faɗa mini komai, ya faɗa. Ya ce har suka kusa Badarawa lafiya, Bajimi yana tafiya kamar ba kaya, Baba ko gudu bai yi ba. Wajen wani kwalbati da kwalta ta ɓaɓɓake, akwai ɗan hawa, sai ga shanu suna tsallakawa. Baba ya rage har ya kusa tsayawa. Mashin ya yi layi gefe, Baba ya miƙa ƙafa zai tokare. Sai ya murɗa totur don ya miƙar da shi, yadda kowane ɗan kabu-kabu ke yi wa ƙaramin mashin. Bajimi ya yi gurnani, tayar gaba ta tashi sama, ya miƙe tsaye kamar akuya ta kai wa reshe, buhuna suka ja shi, ya kifo baya a kansa. Kafin a sami motar da za ta kai shi Shinkafi rai ya yi halinsa.

Na ce, "Isuhu, da ya miƙa ƙafar, ta kai ƙasa?"

Ya dube ni. Ya ce, "Inna, buhuna sun tare mini. Ban gani ba."

Na sake tambayarsa ranar uku, na sake ranar bakwai, har ya fara gudun zaurena.

Ko a zaman makoki ba su bar gardama ba, ina jin su ta bango. Wani ya ce tsakuwa ce a wurin. Wani ya ce tayar baya ta tsufa. Isuhu ya ce mashin ba shi da laifi, an sa shi aikin da ba nasa ba. Garba ya ce injin irin wannan in ka murɗa masa hannu yadda ka saba, ko ba kaya sai ya jefar da kai, kuma ya faɗa tun ranar farko. Liman ya tsawata musu ya ce kwana ne ya ƙare. Babu wanda ya ambaci kujera. Ban sani ba ko ba su gani ba ne, ko kara suka yi mini.

Ina cikin takaba wani mutum ya zo daga Gusau zai sayi abin da ya rage na Bajimi. Shi ya san irin waɗannan mashina. Aka fito masa da kujerar daga inda aka jefa ta. Na ji ya ce, "Subhanallahi! Wa ya yi wannan ta'asa? Ai waɗanda suka ƙera shi da gangan suka nutsar da mai tuƙi, don nauyi ya zauna ƙasa, ƙafa biyu su dafe." Wani ya yi masa raɗa, ya hau ba da haƙuri. Ya tafi da mashin ya bar kujerar. Na sa aka shigo mini da ita na duba. Katakon ya tsage, amma ɗinkina ko ɗaya bai saki ba.

Da na fita takaba na tarar kujeru bakwai a zaure suna jira. Na ce na bari. Garba ya zo ya zauna bayan asabari ya ce, "Inna, in kin bari, masu bindigar kusa za su yi mana, su kuwa ba su san inda mutum ke zama ba." Ga marayu, ga baki. Na koma. Na ƙara shekaru ina yi har ido ya ƙi. Amma tun daga nan duk wanda ya kawo kujera sai ya tsaya a zaure an auna mini shi da igiya daga ƙugu zuwa diddige, kuma ko wa ya roƙa ban sake ƙara wa kujera tudu ko tsawo ba. Wasu sun yi fushi sun kai wani wuri.

Yanzu ina jin irin wannan gurnanin yana wucewa kan titi, 'ya'yan masu hali ne, jikokina suna rugawa kallo, su dawo suna gardama, wannan ya ce kyau, wannan ya ce ɓarnar mai. Ba na sa baki. Isuhu ya yi gaskiya, Garba ma ya yi gaskiya, kuma su biyun suna nan da ransu da furfurarsu.

Akwai abin da ban faɗa wa Garba ba, ban faɗa wa Isuhu ba, ko 'ya'yana ban faɗa wa ba. Rubuta shi, jikata, tunda na kusa bin Malam.

Safiyar Alhamis ɗin, bayan ya sha kunu, masu ɗaurin kaya sun gama sun tafi, ba kowa a ƙofar gida. Na yafa mayafi na fito bakin zaure don in ga yadda aikina ya zauna. Ya ɗaga ƙafa ya hau. Ya gyara zama, ya danna soson sau biyu, ya miƙa ƙafafu. Da idona na ga kan yatsunsa ne kawai ke taɓa ƙasa, diddigensa a sama. Aska tana ɗaki. Aikin da bai wuce a dafa shayi ba: a kwance noti biyu, a ɗaga leda, a fere hawa ɗaya. Na buɗe baki na ce, "Malam, sauko in..."

Ya dubi rana, ya dube ni, ya yi murmushi, ya ta da injin. Sai da ya ɗaga murya sannan na ji shi.

"Ta ɗan yi tudu, Kulu. Bar ta, kasuwa ba ta jira. In na dawo kya rage."